Musayar Waƙa: In Tsaya wa Abokina ko In Ƙi?

Tela daga Kafanchan:
Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Na kawo damuwata a waƙe, mai amsawa ya amsa a waƙe.

Abokina ne tun muna aji ɗaya,
Tare aka yi mana baftisma rana ɗaya,
Jiya ya zo shago da takarda ɗaya,
Wai in sa hannu, ni ne zan tsaya.

Keke Napep za a ba shi bashi,
Duk Asabar ya kai abin da aka yanka mashi,
In ya gaza, ni za a nema kafin shi,
Keken ɗinkina ne jinginar bashi.

In na ƙi, da wane ido zan dube shi a sujada?
Gabana kuma faɗuwa yake tun kafin in yarda.
Dattawa, me Littafi ya ce? Ku ba ni shaida.

Baba Dattijo daga Jos:
Ɗana, sannu da ɗawainiya. Buɗe Karin Magana sura 6, aya 1 zuwa 5, ka biyo ni.

Sulemanu bai ɗauki zancen nan da wasa ba,
Bai ce ka bari sai gari ya waye ba.

Ya ce in ka ɗauki lamunin maƙwabci,
Bakinka ya ɗana maka tarko, ka bar barci.

Je ka ƙasƙantar da kai, ka roƙa a sake ka,
Kamar barewa a hannun maharbi, ceci kanka.

Sura 22 ta ƙara da nata gargaɗi,
Aya 27, ga ta nan ba daɗi:

In ba ka da abin biya ranar da aka zo ma,
Gadon da kake kwance a kai za a ɗauke ma.

Na sha zaman sulhu a majalisar dattawa,
Na ga aminai sun daina gaisawa,

Ɗaya ya koma bencin gaba, ɗaya na baya,
Har cin Jibin Ubangiji ya gagare su, kan sa hannu ɗaya.

Malamar makarantar Lahadi daga Wusasa:
Baba, ina gaisuwa. A gafarce ni in tsoma baki.

Baba, na durƙusa, amma ina da tambaya,
Wa ya tsaya wa Biliyaminu ranar tafiya?
Yahuza ne ya ce wa Yakubu, "Ni zan tsaya,
In ban komo da shi ba, alhakin nawa ne gaba ɗaya."

Da aka ga ƙoƙon Yusufu a buhun yaro,
Yahuza bai ce "ba ruwana" ba don tsoro,
Ya ce, "Ni a riƙe ni bawa, ni a yi wa horo."

Bulus na kurkuku ya ce, "Filimon ɗan'uwana,
In kana bin Unisimas bashi, ɗora a kaina,
Ni Bulus na rubuta wannan da hannuna,
Zan biya." Baba, lamuni ne wannan a ganina.

Basamariye ya bar dinari biyu ajiya,
Ya ce wa mai masauki, "In ya ɗara, zan biya."

Mai son dubawa ya buɗe Farawa 43 da 44, da Filimon aya 18 da 19, da Luka 10:35.

Baba Dattijo:
'Yata, kin iya karatu, Allah ya ƙara basira. Amma ki sake duban mutanen naki da kyau.

Yahuza kansa ya jinginar, ba kayan wani ba,
Ranar biya ta zo, bai nemi hanyar gudu ba.
Bulus ya ce "zan biya", bai ce "ba za ta kai can ba",
Basamariye kuɗi ya fara zarowa, ba alkawari ba.

Su ukun sun tsaya da shirin yin asara,
Mu kunya ke sa mu tsaya, sai kuka ranar ƙara.
Mai son gina hasumiya, in ji Yesu a bishara,
Zama yake ya yi lissafi kafin ya fara.

Ɗana, in za ka iya rasa keken ɗinkin kana gaishe shi,
Sa hannu. In ba ka iyawa, faɗa masa kafin a ba shi.

Uwar Zumunta daga Kagoro:
Tun ɗazu ana ta jan ayoyi, ba wanda ya tuna da matar gida. Ku buɗe 2 Sarakuna sura 4.

Wata gwauruwa ta zo wa Elisha da kuka,
"Mijina ya rasu, mai tsoron Allah, bawanka,
Mai bin bashi ya zo, 'ya'yana biyu zai ɗauka."
Ɗan kwalban mai kaɗai ya rage mata a ɗaka.

Mai tsoron Allah ne fa, amma ya bar bashi,
Ita da yara suka kwana da zafin shi.

Keken ɗinkin nan, ɗana, ba naka kaɗai ba ne,
Kuɗin makaranta ne, tuwon dare ne, maganin zazzaɓi ne.
Kafin ka ɗau biro, je ka ji ta bakin uwargida,
Hannu ɗaya ke sawa, jinginar ta dukan gida.

Kada kuma ka ce "je ka dawo gobe" alhali kana da shi,
Karin Magana 3:28 ta hana a yi wa maƙwabci shi.
In kana adashi, bar masa kwasarka ya rage bashi,
Ka ba shi ba tare da sa ran sake ganin shi.

Direban keke daga Kaduna:
Mama ta gama magana. Ni kuwa an taɓa tsaya mini, bari in faɗi yadda titi yake.

Tun da aka janye tallafin fetur a 2023,
Abin da direba ya samu yakan rabu uku:
Na gidan mai, na balas ɗin da ake kai wa mai keke, na masu tikiti,
Cefane sai abin da ya tsira, in an yi sa'a a titi.

Taya ta fashe, balas yana nan daram,
Zazzaɓi ya kayar da kai, mai keke bai sani ba sam.

Wanda ya tsaya mini bai ji kunyata ba,
Ya ce, "Kawo littafi." Ban ji daɗi ba.
Duk daren Juma'a sai ya zo ya ƙirga da ni,
Har matata ta ce mutumin nan ya raina ni.
Sai ran nan a coci aka karanta Karin Magana 27 aya 6,
Raunin aboki ya fi sumbar maƙiyi fa'ida.

Yaya Tela, tambayi naka: ya taɓa jan keke a titi?
Wa zai yi gyara, nawa ne balas, nawa ne tikiti?
In ya ji haushin tambaya tun bai karɓi makulli ba,
Asabar ta same shi hannu wofi, ba zai ɗaga wayarka ba.

Malamar makarantar Lahadi:
Baba, na yarda da lissafi, ban yarda da gudun barewa ba,
In kowa ya ceci kansa, talaka ba zai sami jari ba.
Direban nan da wani bai tsaya masa ba, da ba mu ji muryarsa ba.

Baba Dattijo:
Amsarki doguwa ce, 'yata, ga shi an buga ƙararrawar addu'ar yamma. Sai na dawo. Tela, ka bar biron a aljihu tukuna.