Ambaliya ta lalata Littafi Mai Tsarki na mahaifiyata, yaya zan yi addu'a?

'Yar'uwa daga Maiduguri:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da damuwar da na kasa faɗa a majami'a.

Muna cikin waɗanda ruwa ya ci gidajensu lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024. Daga mu sai kayan jikinmu muka fita, ni da maigidana da yara. Babu wanda ya rasu a gidanmu, kuma kullum ina gode wa Allah. Katifu da tukwane da buhun masara duk sun lalace, amma waɗannan muna mayarwa sannu a hankali.

Abin da ya tsaya mini a rai wani akwatin ƙarfe ne da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai Littafi Mai Tsarki na marigayiya mahaifiyata, da littafin waƙoƙinta, da zanenta na Zumuntar Mata, da hotunan aurensu. A shafin farko na Littafi Mai Tsarkin Baba ya rubuta ranar haihuwa da ranar baftismar kowannenmu da hannunsa. Da suka gudo daga Gwoza a 2014, Mama ta bar kusan komai, amma wannan littafin ta ɗauro shi a zani. Ya tsira daga wancan tashin hankali, sai ga shi ya lalace a hannuna. Da ruwa ya janye muka tarar da akwatin cike da laka, takardun sun manne, ko kalma ɗaya ba a iya karantawa.

Kowa sai ya ce mini, "Ai dukiya ce, rai ya fi." Gaskiya ne, wasu 'yan'uwansu suka binne. Na kuma san Yesu ya ce kada mu tara wa kanmu dukiya a duniya. Shi ya sa in na durƙusa sai kunya ta kama ni, in yi godiya da baki, in tashi zuciyata tana nan da nauyi. Zunubi ne in yi kuka a kan kaya? In ba zunubi ba ne, me zan ce wa Allah?

Wata uwa daga Michika:

Sannu 'yata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Na san wannan ciwon. Mu ma a 2014 muka gudu, da muka koma gidan ya zama toka. Ban yi kukan ɗakuna ba. Keken ɗinkin maigidana na yi wa kuka, don da shi ya ciyar da mu har ya bar duniya, kuma duk lokacin da na gan shi sai in tuna ƙararsa da asuba.

Na daɗe ina ɓoyewa kamar ke. Abin da ya sauƙaƙa mini, sai na fara kiran kayan ɗaya bayan ɗaya a gaban Allah. In ce, "Uba, ka san keken nan. Na gode don kuɗin makarantar da ya fito daga cikinsa. Na gode don hannun da ya yi aiki da shi. Yanzu ba shi, raina kuma yana zafi. Ka riƙe ni." In kuka ya zo sai in bar shi ya zo. Kada ki wanke fuska kafin ki je gaban Ubanki, ya riga ya gani.

Kuma ki duba da kyau, 'yata. Mahaifiyarki kike kuka, ba takarda ba. Littafin ne ya rage miki daga gare ta, da ya tafi sai rasuwar ta dawo sabuwa.

Fasto mai ritaya:

'Yata, amsar a taƙaice ita ce a'a, ba zunubi ba ne.

Mutane suna saurin kawo Ayuba 1:21, inda ya ce Ubangiji ne ya bayar, shi ne ya karɓa. Amma ki karanta ayar da ke gabanta. Sai da ya tashi ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa, sa'an nan ya yi sujada. Aya ta 22 kuma ta ce cikin wannan duka bai yi zunubi ba. Makoki da sujada tare suka tafi.

Ki duba 2 Timoti 4:13. Bulus yana kurkuku, ya san ƙarshensa ya kusa, amma yana roƙon Timoti ya kawo masa mayafin da ya bari a Taruwasa wurin Karbus, da littattafai, musamman na fata. Manzo ne, duk da haka akwai kayan da zuciyarsa take kai. A Ezra 3:12 kuma, da aka kafa tushen sabon haikali, dattawan da suka san na farko sun fashe da kuka yayin da wasu suke sowa, ba a kuwa tsauta musu ba.

Maganar Yesu da kika ambata, wato Matiyu 6:19, gargaɗi ne ga wanda ya mai da dukiya madogararsa, shi ya sa aya ta 24 ta ce ba a bauta wa Allah da dukiya tare. Ke ba ki bauta wa akwati ba. Inda zan ja kunnenki shi ne wannan magana ta "ya lalace a hannuna". Ba ke kika ɓalle madatsa ba. 'Ya'yanki kika ɗauka cikin dare, kuma abin da mahaifiyarki za ta so ke nan. In bakinki ya rasa kalma, ki buɗe Zabura 69 ki karanta da murya. Da kukan mutumin da ruwa ya kai masa wuya ta fara.

Ɗan'uwa daga Jos:

Amin ga abin da iyayenmu suka faɗa. Ni dai zan ƙara da cewa ba komai ne ya tafi ba, Anti. Hotunan aure na dā ba ɗaya ake wankewa ba, ana raba wa dangi. Ki tambayi ƙannen Mama da yayyen Baba, wanda yake da shi ya ɗauka da waya ya turo ta WhatsApp. Kwanakin haihuwa da na baftisma kuma ki zauna da manyan gidanku tun suna raye ku rubuta abin da suka tuna, wasu ma suna da katin baftismarsu. Zanen fa? Laka ba ta cinye zani.

'Yar'uwa daga Maiduguri:

Na gode Mama, na gode Baba Fasto, Allah ya saka. Mama, abin da kika faɗa ya sa ni kuka, amma jiya na iya yin addu'ar yadda kika koya mini. Ƙanena, zanen yana nan, na wanke shi, sai dai ya koɗe. Akwai ƙanwar mahaifiyata a Mubi, zan kira ta a kan hotunan. Ku ci gaba da sa mu cikin addu'a, don har yanzu ƙaramar 'yata ba ta iya barci in ta ji ruwan sama.