Kwamfutata ba ta riƙe tsarin da nake yi wa foldodi

Mai Buga Takardu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina aiki a shagon buga takardu, kuma kwamfutar da nake amfani da ita Windows 10 ce a kanta. Abin da nake so shi ne duk foldar da na buɗe ta jero mini fayiloli layi bayan layi, da suna da girma da ranar da aka taɓa su, sabo a sama, wato tsarin da ake kira Details. Sai dai duk gyaran da na yi, da na shiga wata folda sai in tarar da manyan hotuna sun cika fuskar kwamfutar, musamman inda nake ajiye hotunan fasfo na ɗalibai, ita kuwa Downloads ta dage sai ta kasa mini fayiloli zuwa na yau da na jiya da na makon jiya. Idan mutum yana tsaye yana jiran takardarsa, wannan ƙaramin abu yana cin lokaci matuƙa. Shin akwai hanyar da zan gyara sau ɗaya ya zauna?

Mai Gyaran Kwamfuta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kwamfutarki ba mantuwa take yi ba, ka'idar da aka gina ta a kai take bi. File Explorer, manhajar da ake buɗe foldodi da ita, yana kasa foldodi gida biyar, wato General items, Documents, Pictures, Music da Videos, kuma duk foldar da ba ki taɓa tsara ta ba, yakan leƙa abin da ya fi yawa a cikinta ya sanya ta a gidan da yake ganin ya dace. Shi ya sa foldar da ta cika da hotuna take komawa manyan gumaka ko da kin gyara maƙwabciyarta.

Ki buɗe folda ɗaya ki tsara ta yadda kike so, sannan ki shiga View, ki danna Options, ki sake zaɓar shafin View a akwatin da zai fito, ki danna Apply to Folders. A Windows 11 ana samun Options ne a ƙarƙashin ɗigo uku da ke saman taga. Inda mutane da yawa suke tuntuɓe shi ne zaton cewa wannan maɓalli ya shafi kowace folda, alhali iyakarsa foldodin da suke gida ɗaya da wadda kike ciki. Saboda haka sai kin maimaita aikin a foldar takardu, da ta hotuna, da ta sauti, da ta bidiyo, da kuma wadda abubuwan cikinta suke gauraye. Idan kuma babbar folda ɗaya ce ke damunki, ki danna ta da maɓallin dama, ki shiga Properties, sannan Customize, ki zaɓi General items, ki sa alama a kan layin da ya ce a yi wa ƙananan foldodin cikinta haka su ma.

Ita Downloads tun sabuntawar watan Mayu na 2019, wadda ake kira 1903, aka mayar da kasa fayiloli bisa kwanan wata ya zama tsarinta na asali. Ki buɗe ta, ki shiga View, ki zaɓi Group by, ki danna None, sannan ki danna Apply to Folders kina cikinta. Tagar da take fitowa idan za ki buɗe ko ajiye takarda daga cikin Word tana da nata tsarin daban, sai kin gyara ta a can.

Ɗalibin Kimiyyar Kwamfuta ya ƙara da cewa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma akwai wani dalili da ya kamata a duba idan kwamfutar ta daɗe tana aiki. Windows tana rubuta tsarin kowace folda a rajistarta, wato Registry, ma'ajiyar saitunanta, a wurare biyu masu suna Bags da BagMRU, kuma adadin foldodin da take riƙewa a tsarin asali 5,000 ne. A shago irin na Malama, inda kowane kwastoma yake zuwa da nasa fayilolin, ba wuya a cike wannan adadi, daga nan sai sabon rubutu ya riƙa ture tsoho. Maganinsa shi ne a goge waɗannan wurare biyu a sake kunna kwamfutar, kuma ana iya ƙirƙirar sabon saiti a rajistar mai suna BagMRU Size domin ɗaga adadin. Haka kuma wasu manhajojin share tarkace suna goge wannan bayani duk lokacin da aka kunna su, don haka a duba ko akwai irinsu a kan kwamfutar.

Mai Gyaran Kwamfuta ya sake cewa:

Gaskiya ne, ɗan'uwa, sai dai ni ba zan tura wadda abincinta ya rataya a kan kwamfuta ɗaya ta fara da rajista ba. Goge layin da bai kamata ba yana iya jawo matsalar da ta fi wadda ake neman magancewa, kuma goge Bags ɗin kansa yana tafiya da duk tsarin da mutum ya yi a baya. Maɓallin Reset Folders, wanda yake mayar da foldodi kan tsarinsu na asali, yana nan kusa da Apply to Folders, kuma ba shi da haɗari. Idan duk wannan ya gaza, sai a adana kwafin rajistar da Export kafin a taɓa komai, a gaban wanda ya san aikin.

Mai Buga Takardu ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, kuma Downloads ta daina kasa fayiloli. Abin da ya rage shi ne filashina na aiki, wanda na yi wa foldodinsa tsari na musamman bisa suna, amma wani lokaci idan na soka shi sai in ga tsarin ya ɓace.

Mai Gyaran Kwamfuta ya amsa:

Madalla, Malama. Dalilin shi ne ba a cikin filashin ake ajiye tsarin ba, a cikin kwamfutar ne, a ƙarƙashin asusun mai amfani, kuma ana gane folda ne ta adireshinta, wanda yake farawa da harafin da Windows ta ba filashin. Idan yau E aka ba shi, gobe kuma kin riga kin soka na kwastoma sai naki ya zama F, to a wurin kwamfutar sabuwar folda ce. Ki danna maɓallin Start da dama, ki buɗe Disk Management, ki zaɓi filashin, ki shiga Change Drive Letter and Paths, ki ba shi harafi na can ƙarshe kamar R, wanda filashin kwastomomi ba za su kai gare shi ba. Daga nan sai ki sake tsara foldodin sau ɗaya. Wannan harafi a kwamfutar shagon kawai zai yi aiki, don haka idan kina da wata a gida sai kin yi mata irin wannan gyara ita ma.