Me zan shafa wa bangon jan bulo don ya daina shan ruwa?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Bangon gidana na waje jan bulo ne, ba filasta. Launinsa ya dushe, ɓangaren da ruwan sama ke duka ya yi baƙi, daga ƙasa kuma wani farin gari na ta fitowa. Ina so kyansa ya dawo, ya kuma daina shan ruwa. Me kuke ganin ya dace in shafa?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Kafin a zo ga abin shafawa, ɗauki ƙusa ka bi layin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo. Duk inda ya rududduge ya zubo kamar yashi, ta nan ruwa ya fi shiga, kuma babu maganin da zai toshe tsaga. A ƙwaƙule wurin, a cika da sabon kwaɓi, a bar shi kamar kwana 28. In tsohon gini ne da aka yi da kwaɓin farar ƙasa, kada a cika da siminti mai ƙarfi. Ya fi bulon tauri, gefen bulon ne zai riƙa ɓantarewa.

Bashir: Ni dai akirilik nake ba da shawara, ruwan shafawar nan mai sheƙi kamar fenti marar launi. Da ka shafa sai jan ya fito kamar yanzu aka yi ruwa. In kyau kake nema, shi ne.

Injiniya Hadiza: Malam Bashir, kyan nan gaskiya ne, amma a bangon da ya kwatanta ina jin tsoronsa. Akirilik fata yake yi a saman bulo. Shi kuwa bulo yana shan danshi, yana kuma fitar da shi in an yi rana. Idan ka rufe fuskarsa, kamar ka naɗe jiƙaƙƙen tufafi ne a leda. Danshin zai taru a bayan fatar, ta yi fari-fari, ta kumbura, ta fara saɓulewa. Cire ta kuma ya fi shafa ta wahala nesa ba kusa ba.

Abin da ya dace da waje shi ne mai shigewa ciki, irin su sinadaran silen da siloksen. Yana ratsa ƙananan kofofin bulon ya sa ruwa ya riƙa gangarewa, amma tururin danshi na samun hanyar fita. Sai dai ka sani, ba ya ƙara ƙyalli. Launin da ka samu bayan wanki, kusan shi za ka ci gaba da gani.

Aminu: Na gode Hajiya. To farin garin fa? Makwabcina ya ce in wanke da asid.

Injiniya Hadiza: Gishiri ne da ruwa ke narkarwa daga cikin bulo ko kwaɓi, in ruwan ya bushe ya bar shi a fuska. Goge shi a bushe da burushi mai tauri, ba na waya ba. Asid na cin kwaɓi, yana iya barin tabo. Abin da ya fi damuna shi ne ka ce daga ƙasa yake fitowa. In danshi ne ke hawowa daga tushe, kada ka shafa komai tukuna, ko da mai shigewa cikin ne. Gishirin zai taru a ƙarƙashin fuskar bulon ya tarwatsa ta.

Malam Isa: Ƙwarai kuwa. Ka tsaya ka kalli bangon lokacin da ake ruwa. Sau da yawa indararo ne ke zuba a gindinsa, ko ƙasar wurin ta karkata wajen ginin. Baƙin nan kuma galibi gansakuka ce da datti, ruwa da sabulu da burushi sun isa. Injin wanki mai feso ruwa da ƙarfi yana kankare fuskar bulo.

Zainab: Mu siloksen muka sa, ga abin da zan ƙara. A jira bango ya bushe sarai, ranar da ba a sa ran ruwa, ba kuma cikin tsakar rana ba don yana bushewa kafin ya shige. A fara gwadawa a wani lungu, a bar shi ya bushe a ga launin. Da injin feshi na hannu ake sawa, daga ƙasa zuwa sama, a maimaita tun na farkon bai bushe ba. Don Allah a rufe tagogi, in ya bushe a gilashi da ƙyar yake fita. Mai feshin ya sa takunkumi da safar hannu.

Bashir: To na ji, akirilik ɗin sai a bangon ado na cikin rumfa. Amma shi siloksen ɗin yana daɗewa?

Zainab: Yana kai shekaru, ya danganta da irinsa da dukan da bangon ke sha. Watsa masa ruwa a kofi. In ya yi ƙwallo-ƙwallo ya gangara, da sauransa. In bulon ya shanye ya yi duhu nan take, a fara shirin sabuntawa.

Aminu: Allah Ya saka da alheri. Malam Isa, zan turo hoton gindin bangon da indararon ka duba min kafin in kira magini.