Musayar Waƙa: Gotha da Handley Page a Duhun Dare

Bakanike:
Salamu alaikum masana, ga batu na tattaunawa,
Gotha jirgin bam na Jamus da rana tsaka yake kutsawa,
Ran 13 ga Yuni, 1917, Landan ta sha girgizawa,
Mutum 162 suka rasu, aka rasa mai tarewa.
Me ya mai da shi na dare? Malam, kai ke warwarewa.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam ƙanena, saurari dalili,
Ingila ta girke bindigogi, ta ƙara jirage a fili,
Daga Satumba sai duhu, Jamus ta sauya hali.

Injiniya:
Malam ka gajarce, sauka ce ta fi cin jirgin nan,
Injin Mercedes biyu, doki 260 kowanne ɗayan,
Farfela na baya, turawa take, ba ja ba kamar sauran.
In bam ya zube, mai ya yi ƙasa, sai ya rasa daidaiton,
Taya ta daki ƙasa a duhu, ya kife a kan hancin,
Tankin Gotha samfurin G.IV yana manne da inji, fetur ya bi zafin,
Wuta ta kama. A sabon samfurin G.V suka mai da tanki cikin jikin.
Haɗarin sauka ya fi harbin Ingila yawan ɓarnan.

Hajiya Mai Lissafi:
Injiniya sannu, ga na Ingila, Handley Page O/400 babba,
Faɗin fiffike ƙafa 100, lilin da katako, ba goran ƙarfe ba,
Ana naɗe su baya, in ba haka ba rumfa ba za ta ɗauka ba.
Rolls-Royce Eagle biyu, doki 360, ba wasa ba,
Bam 16 masu nauyin fam 112, a ciki suke rataye, ba waje ba.

Bakanike:
Hajiya, babu rediyon jagora, da me suke gane hanya?

Hajiya Mai Lissafi:
Farin wata, ƙyallin kogi, layin dogo da ya miƙe,
Kamfas, da fitilun ƙasa masu ƙifta harafi a tsanake,
A fili a kunna kananzir, jere guda a miƙe.
Akwai wutar Holt mai haska fili ƙasan fiffike, a kunna ta a sauke,
Amma in hazo ya taso, haskenta ido yake rufe,
Direba ya rasa ƙasa, jirgi ya faɗo a karkace.

Malamin Tarihi:
Hazo dai! Ran 1 ga Janairu, 1917, ku duba,
Sabon Handley Page O/100 ya ɓata, ya sauka kusa da Laon, garin Faransa a hannun Jamus, ba gida ba,
Jamusawa suka karɓe shi lafiya lau, ko harsashi ba su ɓata ba.