Wa ya taɓa zuwa dajin Kakum da Cape Coast? Ina neman shawara kafin mu tafi da Hajiya

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda watan gobe za mu je Akra bikin ɗiyar kawuna a Nima, ni da maiɗakina da yara da kuma Hajiyarmu, to bayan biki muna da kwana biyu da ba abin da za mu yi, shi ne yaran suka dame ni wai sai an kai su wannan gadar igiya ta dajin Kakum da suke gani a TikTok. Tambayata ita ce ana iya zuwa a dawo Akra rana ɗaya? Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, za ta iya hawa? Ana ganin giwaye da gaske? Sannan ya maganar sallah da abinci, don na ji an ce yankin Fanti ne. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Direban Kaneshi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni wannan hanyar nake bi da mota, kuma gaskiya ana iya yi rana ɗaya amma ba zan ba ka shawarar haka ba tunda da tsohuwa da yara. Akra zuwa Cape Coast wajen kilomita 150 ne, a takarda ba nisa, amma cunkoson Kasoa kaɗai zai iya cinye maka awa guda ko fiye in ka makara, ga Mankessim ranar kasuwa. Ku yi asuba ku fita, ko dai ku shiga mota a tashar Kaneshi ko ku ɗauki shata tunda kuna da yawa, shatar ta fi muku sauƙi don daga Cape Coast ɗin ma sai kun ƙara wajen kilomita 30 ta hanyar Jukwa kafin ku kai ƙofar dajin a Abrafo. In da ni ne sai in yi haka, ranar farko ku isa Cape Coast ku sauke kaya ku huta ku ga tsofaffin gidajen da Turawa suka riƙa tsare bayi da yamma, ku kwana, washegari da sassafe ku zama cikin na farko a Kakum, kafin azahar kun gama kun kama hanyar Akra. Ku guji Asabar da ranakun hutu, 'yan makaranta ake jibgewa bas bas, layi ya yi tsawo ga ihu. Kuɗin shiga na baƙo ya fi na ɗan ƙasa, ku riƙe sidi, kuɗin Gana, a hannu. Kar ku manta katin rigakafin shawara, ana tambaya wajen shiga Gana.

Sallah ba matsala ko kaɗan, akwai zango a Cape Coast wajen kasuwar Kotokuraba, da masallaci, za ka ji Hausa a bakin mahauta da masu koko da ƙosai.

Maman Ilham:
Yaya ina wuni, a gaida Hajiya. Maganar gwiwa nake so in yi don mun je da surukata. Abin da bidiyo ba ya nuna muku shi ne kafin ma ka ga gadar sai ka hau tudu, matakala ce ta duwatsu cikin daji, ba tsawo ne da ita sosai ba amma a miƙe take, ga zafi irin na gumi wanda iska ba ta motsi, in an yi ruwa kuma duwatsun santsi. Surukata a rumfar hutawa ta tsakiyar hanya ta zauna ta ce ita ta yafe. Ni dai ban ga amfanin a wahalar da Hajiya ba, a ƙasa wajen ofishin akwai inuwa da wurin cin abinci da ɗan ɗakin nune-nune na dabbobi da itatuwan dajin, wani ya zauna da ita a nan har ku sauko.

Gadar kuma guda bakwai ce a jere, an ɗaɗɗaure su daga wannan babbar bishiya zuwa waccan, duka tsawonsu wajen mita 350, inda ya fi tashi sama kuma ya kai mita 40. Tun 1995 aka buɗe ta. Abin da kake takawa katako ne siriri da aka shimfiɗa kan tsanin ƙarfe, faɗinsa na mutum ɗaya, raga ta kewaye ka dama da hagu har wajen ƙirji, ka riƙe igiya hannu biyu. Tana lilo, musamman in na bayanka ya tako da ƙarfi, kuma za ka ji tana ƙara ƙiii ƙiii, wannan ba lalacewa ba ce haka take. A kowace bishiya akwai ɗan dandamali na katako da za ka tsaya ka numfasa, a nan ne za ka ga daɗin abin, kai ne a sama ganye a ƙarƙashinka kore shar har iya ganinka, malam-buɗe-littafi kala kala suna wuce ka. Wanda tsoro ya kama bayan gada ta farko akwai gajeriyar hanya da zai bi ya fita ba sai ya yi bakwai ɗin ba.

Ka gaya wa antinmu ta sa wando a ciki da takalmi mai rufi, ba silifas ba, hijabi kuma madaidaici wanda ba zai riƙa kama raga ba. Waya a saƙale ta a wuya, abin da ya faɗi ya tafi kenan.

Malam Na Zango:
Alhaji giwa kam ka cire rai tun daga gida kar yara su yi fushi. Akwai su, giwayen kurmi ne ƙanana, da birai da gadar daji da tsuntsaye fiye da iri 200, amma daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 375 mai duhu, dabbar da ta ji hayaniyar mutane ba za ta tsaya kusa da gada ba. Wanda ke son ganin giwa ido da ido dajin Mole zai je can arewacin Gana. Kakum itatuwa ake zuwa gani, in kun samu lokaci ku biya kuɗin zagayen ƙasa da jagora, zai nuna muku bishiyoyin magani da rimin da saiwarsa ta fi mutum tsawo. In yara sun nace sai dabba, ku tsaya Hans Cottage a kan hanya, akwai kadoji a tafki.

Amma ni abin da ya sa na sa baki, kar ku mai da gidajen bayin nan abin cike lokaci. Na garin Elmina da ke kusa da Cape Coast Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Na Cape Coast daga nan Ingilishi suka yi mulkin Gold Coast, wato Gana ta yanzu, har 1877 da aka mai da hedikwata Akra. Za a shiga da ku kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa, jagora ya kashe fitila na ɗan lokaci, hasken da ke shigowa ta 'yan ƙananan tagogi ne can sama, ƙasan da kake takawa ba dutsen asali ba ne, dattin mutanen da aka tsare ne ya daskare ya zama daɓe, kuma a saman wannan kurkukun aka yi coci. Daga nan a bi da ku zuwa ƙofar da in an fita ba a dawowa, wadda ke kallon teku. Wannan tarihin ya shafe mu. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, kuma Salaga ɗin da suke sauka kasuwar goro ce kasuwar bayi ce, mutanen arewa da yawa ta nan aka gangaro da su a ƙafa. A Assin Manso kan hanyar Kumasi akwai rafin da ake musu wanka na ƙarshe kafin a kai su bakin teku. Yaran da suka kai shekara goma ya kamata su ji wannan da kunnensu, ƙananan dai a bar su a fili tare da Hajiya don iskar ciki da nauyi take.

Ɗan Kwari:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam wallahi ban san Salaga na da alaƙa da wurin ba, kakanmu ya yi fataucin goro. To in lokaci bai isa duka biyu ba wanne za mu zaɓa, Elmina ko Cape Coast? Kuma yara na iya shiga teku?

Direban Kaneshi:
Da Hajiya Cape Coast ya fi, cikin gari yake, mota na kai ku har bakin ƙofa, akwai gidan tarihi a ciki, nan Obama ya zo a 2009. Amma Elmina bai fi tafiyar minti ashirin zuwa talatin ba, ko ba ku shiga ba ku je ku tsaya kan gadar Benya ku ga kwalekwalen masunta ɗaruruwa da tutoci, sai dai ban da Talata don ranar ba sa fita su. Teku kuwa Alhaji don Allah a'a, ruwan yankin nan yana da ja ta ƙasa, yana ɗauke babba ma wanda ya iya iyo balle yaron Kano, su jiƙa ƙafa kana riƙe da hannunsu ya isa. Abinci ku ci dokunun Fanti da soyayyen kifi da shito, wato soyayyen yajinsu, kifin ranar ne, nama kuma ku saya a zango wajen mahautanmu, na gefen hanya da ake ɗagowa a sanda naman daji ne ba ka san wa ya yanka ba.

Maman Ilham:
Na manta, ku tafi da ruwan sha da yawa da ɗan tawul, kuma in kun ga hadari ya haɗu da safe ku fara da Cape Coast ɗin ku bar dajin sai ya washe.