Takarda ta ce ban da guba, ni kuma maganin feshi zan sayar

Baban Ilham: Assalamu alaikum. Na samu shago a wata filaza a Kano, ina son zuba maganin feshi, na ciyawa da na ƙwari, kafin damina ta kankama. Mun daidaita a dubu 600 a shekara. Jiya lauyan mai ginin ya kawo takardar yarjejeniya, a ciki an rubuta ba zan ajiye abu mai guba ko mai kama wuta ba, kuma in wari ko ƙara ya dami maƙwabta, ko aka yi asara, ni zan biya. Da na yi magana, Alhajin ya ce in sa hannu kawai, ai ya san abin da zan sayar. Shagon da ke jikin nawa abinci ake sayarwa. In sa ko in fasa?

Ɗan Kwari: Dubu 600? An yanke ka. Ƙanina 350 yake biya, har da banɗaki.

Maman Sadiq: Wace shekara ke nan? Ni miliyan ɗaya da ɗari biyu na biya bana, ko keken ɗinki uku ba ya ci.

Tela Mai Haƙuri: Ɗan uwa, kada ka sa. Ni irin takardar nan ce ta kai ni ƙasa. Lokacin wahalar mai na ajiye jarka biyu ta fetur a bayan ƙofa saboda janareta, ga ɗinkin sallah ya taru. Mai ginin ya sani, shi kansa ya taɓa aiko yaronsa ya ɗebi lita biyar. Dare ɗaya aka kawo wuta da ƙarfi, waya ta kama daga shagon mai cajin waya, ta bi silin ta shigo nawa. Da ta iske jarkokin nan, shi ke nan. Shaguna huɗu suka tafi. Ba daga wurina ta tashi ba, kowa ya shaida, amma da aka zauna sai aka zaro takarda aka karanta min inda na sa hannu cewa ba zan ajiye fetur ba. Mutumin da ya sha man nan ya dube ni ya ce bai taɓa sani ba. Na biya rufin shago biyu, na biya shaddodin mutane, akwai matar da lefen 'yarta ne ya ƙone, har yau ba ta amsa gaisuwata. Filina na gado na sayar. Yanzu a zauren gida nake ɗinki.

Maman Sadiq: Innalillahi. Allah Ya mayar da alheri, Malam.

Sarkin Tsokana: To ya mayar da lita biyar ɗin?

Lauyan Gobe: Labarin Malam Tela ya isa amsa. A kotu abin da ke rubuce ake dubawa, “ai ya sani” ba ta goge shi. Ka sa a rubuta ƙarara cewa an ba ka shagon don sayar da maganin gona a rufe cikin mazubinsa, a cire kalmar guba ko a keɓe kayanka daga cikinta. Kuma ko mai gini ya yarda, bai ɗauke maka haƙƙin maƙwabciya ba. In wari ya kori masu cin abincinta, tana iya kai ka ƙara, duba-gari ma na iya zuwa. Ka tabbata kayan na da lambar NAFDAC, kada ka riƙa ɗurawa a ƙananan kwalabe a cikin shago.

Ɗan Kwari: Kai da ko jarrabawar lauya ba ka gama ba. Shekarata 22 a kasuwa, ban taɓa karanta takardar haya ba. Mutunci ake bi.

Lauyan Gobe: Yallaɓai, Malam Tela ma mutuncin ya bi.

Malam Na Zariya: Ba sai an je ga boko ba. Hadisi ne, la darara wa la dirara, ba cuta ba cutarwa. Maganin ƙwari kusa da tukunyar miya bai dace ba, ko da takarda ko babu.

Injiniya: Ku tuna Sabon Tasha a Kaduna, Janairun 2020. Shagon ɗura gas ne ya fashe, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Ga gobarar kasuwar Sabon Gari a Kano ta 2016, dubban shaguna. Masu gini ba banza suke tsoro ba.

Sarkin Tsokana: Ni dai maƙwabcina mai niƙan barkono ne. Wane sashe na doka ya yi magana kan atishawa?

Baban Ilham: Na gode. Amma in na ce a gyara takardar, lauyan ya ce sai na ƙara kuɗin rubutu. Nawa ake bayarwa?

Maman Sadiq: Kashi goma na lauya, kashi goma na dillali, haka aka karɓa a wurina.

Ɗan Kwari: Biyar ne. Duk wanda ya ba da goma shi ya so.

Tela Mai Haƙuri: Dillalan nan su ne masifar. Wanda ya kai ni shagon, ranar gobara wayarsa a kashe take.

Maman Sadiq: Kada ka tuna min. Nawa dillalin mutum biyu ya karɓi kuɗinmu a shago ɗaya, da na je da makulli na tarar wani yana fenti. Wata uku ina zarya ofishin 'yan sanda, rabin kuɗin kawai na gani.

Injiniya: A wace unguwa ce, Hajiya? Kamar na san mutumin, gajere ne mai babur ja?