Muhawara a Kan Mazaɓar Tarayya ta Birni da Kewaye: Wace Ce Uwar Siyasar Kano?

Ɗan Jakara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta wannan ne da ɓacin rai, domin damina ta sake shigowa, ruwa ya sake cika mana lungu har ya shiga zaure, kuma na rasa wanda zan kai wa kuka. Mazaɓar Birni da Kewaye ita ce uwar siyasar Kano, a cikinta Gidan Rumfa yake, a cikinta Kasuwar Kurmi take, ita ce kuma ta ba Najeriya kakakin Majalisar Wakilai, marigayi Ghali Umar Na'Abba, daga 1999 zuwa 2003. Amma a zaɓuɓɓuka uku a jere mutum uku daban muka tura Abuja: Danburam Abubakar Nuhu a 2015, Sha'aban Ibrahim Sharaɗa a 2019, Sagir Ibrahim Koƙi a 2023. Maƙwabciyarmu Fagge ta riƙe Aminu Sulaiman Goro tun daga 2011 har 2023. Ra'ayina shi ne laifin namu ne mu masu ƙuri'a, saboda guguwa muke bi ba mutum ba, kuma wakilin da bai daɗe a majalisa ba ba ya kaiwa ga manyan kwamitoci, balle ya jawo wa yankinsa aiki mai nauyi.

Bagwammaje:
Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo muku sauƙin ruwan, amma kalmar "uwa" da ka yi amfani da ita ba za ta wuce haka nan ba, Malam. Duk wanda ya san tarihi ya san cewa siyasar talakawa, wadda da ita aka san Kano a faɗin ƙasar nan, a gidan Malam Aminu Kano ta yi sheƙa, gidan kuwa yana Gwammaja, a cikin ƙaramar hukumar Dala, shi ne ake kira Mambayya a yau. Daga kafa NEPU a ranar 8 ga Agusta, 1950, zuwa nasarar PRP a 1979 da ta kawo Abubakar Rimi kujerar gwamna, can ne ake zuwa a ɗauki karatu. Idan siyasar Kano tana da uwa, to Dala ce.

Dattijo daga Yakasai:
Yaro, ina raye lokacin da Malam ya rasu a watan Afrilun 1983, kuma a wancan zamani babu wata ƙaramar hukuma mai suna Dala, ko Gwale, ko Fagge. Sojoji ne suka zo daga baya suka yayyanka su. A Sudawa aka haifi Malam, a cikin ganuwa, kuma duk wanda ke cikin ganuwa ɗan birni ne, don haka abin da kake tinƙaho da shi daga jikin Birni aka ɓalle shi. Ba a taɓa jin 'ya ta haifi uwarta ba.

Bagwammaje:
Baba, da girmanka, amma idan maganar wanda ya riga wani za a yi, Dutsen Dala ya girmi Gidan Rumfa da ɗaruruwan shekaru. Sarki Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499 ya yi mulki, alhali tun kafin zuwan Bagauda mutane na zaune a gindin Dala.

Dattijo daga Yakasai:
Zamanin Barbushe ba a jefa ƙuri'a. Maganar zaɓe muke yi, kada ka kai mu wurin da ba za mu iya dawowa ba.

Malama daga Gandun Albasa:
Ni abin da ya dame ni a wannan kalma daban ne da na Malam Bagwammaje. Duk lokacin da aka ce Birni uwa ce, abin da ake nufi shi ne tsofaffin unguwannin cikin ganuwa, wato su Yakasai, Sheshe, Kankarofi, Shahuci, Zango da Tudun Wazirci, sai a manta cewa mazaɓun kansiloli 13 ne suka haɗu suka zama wannan mazaɓar tarayya, kuma Sharaɗa da Gandun Albasa suna cikinsu. A Sharaɗa masana'antu suke, mu kuma a nan akwai ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da mutanen da suka zo daga ƙauyuka da wasu jihohi suka sayi fili suka yi gida. Ranar zaɓe kowa yana zuwa neman ƙuri'armu, amma da an zo ba da labarin mazaɓar sai a koma kan zuri'a da gidajen sarauta, kamar "Kewaye" ɗin da ke cikin sunan ba mutane ba ne.

Ɗan Jakara:
Hajiya, ban ware kowa ba. Ni maganar yawan canja wakili na kawo, ina roƙon a koma kanta.

Mai Jar Hula:
Za a koma, amma sai an gyara wani abu tukuna. Ka ce guguwa kuke bi, kuma na fahimci inda ka dosa, wato kana so ka nuna cewa nasarar NNPP a 2023 ba ta cancanta ba ce. Mutanen birni da idonsu a buɗe suka yi zaɓe, sun ga abin da aka yi a Gama a 2019 lokacin da aka ce zaɓen gwamna bai kammala ba, suka riƙe abin a zuciya har shekara huɗu, sannan suka rama da ƙuri'a. Wannan hankali ne, kuma kiran sa guguwa cin fuska ne ga dubban mutanen da suka kwana a rumfunan zaɓe suna gadin ƙuri'unsu.

Ɗan Tsintsiya:
Gama tana ƙaramar hukumar Nassarawa, ba ta cikin mazaɓar da ake magana a kai, amma ku duk inda aka taɓa sai kun jawo ta. Kuma idan 2023 hankali ne, me ya sa ba za ku yarda cewa 2015 da 2019 ma hankali ne ba, lokacin da mutanen Birni suka ba APC wannan kujera sau biyu a jere? A 2015 ai tare muka yi ta kiran a yi sak, jagoranku Kwankwaso yana cikin jam'iyyar. Ba daidai ba ne a ce ƙuri'a tana da daraja ne kawai ranar da ta faɗa a akwatinku.

Mai Jar Hula:
Wanda kuka tura a 2019 da kansa ya bar ku ya tafi ADP ya nemi gwamna a 2023. Ka fara bayyana mana wannan.

Ɗan Tsintsiya:
Sauya sheƙa ba a kanmu aka fara ba, kuma jagoranku daga PDP ya tafi APC, ya koma PDP, sannan ya shiga NNPP. Kada mu buɗe wannan babin.

Dattijo daga Yakasai:
Ku dakata, ku duka yara ne a wannan magana. Abin da ya faru da Ghali a 2003 shi ne asalin ciwon. Mutum ya tsaya wa majalisa tsayin daka, har a watan Agustan 2002 Majalisar Wakilai a ƙarƙashinsa ta yi yunƙurin tsige Shugaba Obasanjo, sai ga shi a zaɓen da ya biyo baya ya rasa kujerarsa. Ni na yi imani har gobe cewa daga sama aka shirya faɗuwarsa, kuma tun daga ranar Birni ba ta sake samun murya irin tasa ba. Allah Ya jiƙansa, ya rasu a watan Disambar 2023.

Malama daga Gandun Albasa:
Amin, Baba. Sai dai a shekarar nan ta 2003 PDP ta rasa kujerar gwamna ma, Malam Ibrahim Shekarau na ANPP ya kayar da gwamna mai ci, kuma birni gaba ɗaya Janar Muhammadu Buhari yake yi. Mutanen unguwanninku ne suka tsaya a layi suka jefa ƙuri'ar, don haka ba komai ne za a ɗora wa Abuja ba.

Bagwammaje:
Kuma kada a manta cewa kakakin farko a 1999 ba daga Birni ya fito ba, Salisu Buhari ne na mazaɓar Nassarawa, sai da ya sauka saboda batun takardun karatu sannan kujerar ta zo ga Na'Abba. Ke nan ko wannan kakakin da ake kafa hujja da shi bai isa ya mai da Birni uwa ba.

Mai kula da zaure:
Jama'a, maganar ta yi tsawo, bari in tattara abin da aka cim ma. An tabbatar da cewa Birni ce tushe, tunda daga jikinta aka fitar da Dala da Gwale, kuma Baba na Yakasai ya kawo hujjar da ba wanda ya iya turewa. Mutumin Gwammaja ya yi ƙoƙari, amma ya koma kan tarihin kafin Musulunci da ba shi da alaƙa da zaɓe. Ƙorafin Hajiya abin dubawa ne, ko da yake mu 'yan cikin ganuwa ba mu taɓa nuna wa kowa bambanci ba. Rikicin jar hula da tsintsiya kuwa ba wurinsa ba ne nan.

Bagwammaje:
Ban amince da wannan taƙaitawa ba, domin kai ɗan Sheshe ne, kuma ka yanke wa unguwarku hukunci da kanka. Maganar Mambayya da NEPU ka tsallake ta gaba ɗaya.

Ɗan Jakara:
Ni kuma da na buɗe maganar ko sunana ba a ambata ba. Tambayata tana nan: shin canja wakili a kowane zaɓe yana cutar da mu ko ba ya cutarwa? Jihar Kano tana da kujeru 24 daga cikin 360 na Majalisar Wakilai, ɗaya tak ce tamu, kuma ita ce nake so mu tattauna yadda za mu riƙa cika ta. Ruwan yana nan a zaurenmu, yanzu ma da bokiti muke kwashewa.